Haɗakar Ƙananan Kuɗaɗen Kirifto: Daga Aljihun Wa Ake Rabon?

 

'Yan uwa, daren Talatar da ta wuce bayan mun idar da sallar isha'i, wani matashi daga cikin masu zama darasinmu na Risala ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya matso ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah a duba min wannan."

Wani zaure ne na Telegram. Masu wasu ƙananan kuɗaɗen kirifto guda uku ne suka ƙulla abin da suka kira haɗaka. Mabiyan kowane ɗaya za su riƙa sayen na sauran biyun a ranakun da aka tsayar, kowa ya tallata na ɗan'uwansa, ɗan abin da ake cira a kan kowane ciniki kuma a tara shi a asusu guda, duk ƙarshen wata a raba uku daidai wa daida. Wanda ya kawo sabon mutum shi ma yana da nasa kason. A saman sanarwar sun liƙa aya ta biyu ta Suratul Ma'ida, wadda ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa. Rabin maganar suka ɗauko. Ɗaya rabin, wanda ya hana taimakon juna a kan saɓo da zalunci, sun bar shi can a cikin Alƙur'ani.

Tambayarsa gajeriya ce: "Malam, tunda haɗin kai ne, kuma rabon babu cuta, kowa daidai yake samu, ai ba laifi ko?"

Ba zan buɗe babin halaccin kirifto ɗin kansa a nan ba, don manya sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shaikh Shauƙi Allam, ya haramta mu'amala da Bitcoin a farkon 2018. Majalisar malaman Indonesiya a 2021 ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi. Kwamitin Shari'a na hukumar kula da hannayen jari ta Malesiya kuwa tun 2020 ya halatta cinikinsa a kasuwannin da aka yi wa rajista. Wanda ya bi masu haramtawa, to magana ta ƙare a wurinsa, ya huta. Wanda nake magana da shi shi ne wanda ya ɗauki ra'ayin masu halattawa, sannan ya zaci da wannan kaɗai duk wata yarjejeniya da aka ƙulla a cikin harkar ta zama halal. Kasuwar hatsi halal ce ba tare da saɓani ba, amma ana tauye mudu a cikinta.

Bari in fara da haɗin kan da ni a ganina yake da ma'ana, don kada a ce Malam komai ya gani sai ya kushe.

Kowane kuɗin kirifto littafin lissafi ne da ke hannun jama'a da yawa, wanda ake rubuta wane ya tura wa wane nawa. A irinsu Bitcoin, masu tsaron littafin su ne mahaƙa, masu manyan injina da ke cin wuta dare da rana, kuma tsarin yana biyansu da sababbin kuɗin da yake ƙirƙira. Wannan shi ne mainin na gaskiya, ba danna fuskar waya da yaranmu suka yi ta yi a 2024 lokacin Hamster ba. Hatsarin kuma a nan yake: duk wanda ya mallaki fiye da rabin ƙarfin injinan da ke tsaron wani kuɗi, zai iya biyanka, ya karɓi kayanka, sannan ya koma ya goge shafin da aka rubuta biyan. Babban kuɗi yana da masu gadi da yawa, sayensu sai an yi asarar da ta fi ribar. Ƙaramin kuɗi kuwa kamar shago ne a bakin gari da babu mai kwana a kusa. An yi wa Bitcoin Gold wannan aika-aika a watan Mayun 2018, aka yi awon gaba da wajen dala miliyan 18. An yi wa Ethereum Classic a Janairun 2019, aka sake yi masa har sau uku a watan Agustan 2020.

Dogecoin ya kusa faɗawa wannan ramin. Billy Markus da Jackson Palmer ne suka ƙirƙire shi a Disambar 2013, da wasa ma suka fara, da hoton kare. An tsara shi ta yadda ladan mahaƙa ke raguwa da rabi duk bayan wata biyu da 'yan kwanaki, don haka kafin 2014 ta yi nisa masu gadi suka fara tattara komatsansu. Sai Charlie Lee, wanda ya ƙirƙiro Litecoin a 2011, ya kawo shawara: tunda kuɗaɗen biyu iri ɗaya na lissafi injinansu ke yi, me zai hana aikin da mahaƙin Litecoin ya yi a karɓe shi a wajen Dogecoin ma? Aiki ɗaya, wuta ɗaya, lada biyu. An yi ta ja-in-ja a tsakanin mutanen Dogecoin, wasu na cewa waɗannan baƙin masu gadi ba ƙaunar kuɗinmu suke ba, da sun karɓa za su zubar a kasuwa farashi ya faɗi. Duk da haka aka amince, a Satumbar 2014 aka fara aiki da shi, kuma har yau a kan wannan tsarin suke. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, Namecoin ya riga ya jingina da Bitcoin ta wannan hanya tun 2011.

Da na fahimci wannan, abin da ya faɗo min shi ne makiyayin unguwa. A garuruwanmu da yawa mutum ɗaya ne yake kora awakin gidaje ashirin da safe, ya dawo da su da yamma, kowane gida ya biya shi. Tafiya ɗaya ya yi, rana ɗaya ta dake shi, amma lada ashirin ya karɓa, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya ci haram, saboda kowane gida ya san da sauran, kuma kowace akuya ta ci ciyawa. Malaman fiƙihu suna kiran irinsa ajirun mushtarak, wato ma'aikacin da jama'a suka yi tarayya a cikin aikinsa. A nan akwai aiki na zahiri da aka yi, akwai amfani na zahiri da ya samu, wato tsaro. Wa ke biya? Masu riƙe da Dogecoin ne, domin duk kusan minti ɗaya ana ƙirƙirar sababbi 10,000 a ba mahaƙa, sama da biliyan 5 ke nan a shekara, kuma duk ƙarin da aka yi yana ɗan rage nauyin abin da ke hannun kowa. Amma wannan ƙa'ida a rubuce take, a fili take, tun kafin ka sayi ko ɗaya za ka iya saninta. Wanda ke biya shi ne wanda ake tsare wa dukiya.

Sai dai ko a nan akwai inda zuciyata ba ta kwanta ba. Makiyayin da ba shi da akuya ko ɗaya a garken, me zai hana shi sakaci ran da ya ga dama? A farkon 2012 wani ƙaramin kuɗi mai suna Coiledcoin ya buɗe ƙofarsa ga mahaƙan Bitcoin ta wannan hanyar dai, sai mai wata babbar ƙungiyar mahaƙa ya juyo da ƙarfin injina a kansa ya murƙushe shi tun yana jariri, kuma ko sisi bai yi asara ba, don aikinsa na Bitcoin yana nan yana tafiya. Mai gadin da aka gayyato shi ne ya rufe kasuwar. Malamanmu na Malikiyya sun hango irin wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka ɗora wa masu sana'a kamar tela da marini lamunin kayan da aka ba su idan suka salwanta, duk da cewa asali ma'aikaci amintacce ne. Dalilinsu maslahar jama'a: idan babu abin da zai taɓa aljihunsa, kayan mutane za su tozarta. A duniyar kirifto babu alƙalin da za a kai ƙara. Abin da ya riƙe Dogecoin da Litecoin kawai shi ne ladan Dogecoin ya yi kaurin da mahaƙan ba za su so su rasa shi ba. Maslaha ce ta haɗa su, ba amana ba, kuma ba na ganin aibu a faɗin haka. Galibin cinikin duniya haka yake.

Akwai kuma rigimar kason masu gina tsarin. Zcash ya fito a Oktobar 2016 da sharaɗin cewa shekara huɗu na farko, kashi 20 cikin 100 na duk sabon kuɗin da aka haƙo zai tafi ga waɗanda suka kafa shi da ma'aikatansu da waɗanda suka zuba jari. Mutane da yawa suka ce wannan haraji ne. Wasu ma cikin 'yan makonni suka kwafi tsarin, suka cire sharaɗin, suka kira nasu Zclassic. Ni dai ban ga zalunci a abin da masu Zcash suka yi ba, ko da mutum zai ce kason ya yi yawa. Sun faɗa kafin kowa ya shiga, kason sananne ne, wa'adinsa sananne ne, wanda bai yarda ba ga hanya. Annabi (SAW) ya bar gonakin Khaibar a hannun mutanenta a kan rabin abin da aka girbe. Rabi ba ƙaramin kaso ba ne, amma an ambata shi, an yarda da shi. Abin da ya hana, kamar yadda ya zo a hadisin Rafi'u ɗan Khadij, shi ne mai gona ya keɓe wa kansa abin da ya tsiro a bakin ruwa ya bar wa manomi tudu, ta yadda ɗaya zai tsira ko da ɗayan ya tashi a tutar babu.

Kwatanta da abin da ya faru a Bitcoin Cash a 2020. Wata ƙungiyar masu rubuta manhajarsa ta ce daga yanzu kashi 8 cikin 100 na ladan mahaƙa zai riƙa shiga asusun da za a gina tsarin da shi. Buƙatar tana da hujja, don masu wannan aikin su ma suna da iyali. Amma sharaɗi ne da aka zo da shi bayan tafiya ta yi nisa, bayan mutane sun sayi injina a kan wani lissafi daban. Mafi yawa suka ƙi, a Nuwambar shekarar kuɗin ya tsage gida biyu. Kashi 8 bai kai kashi 20 ba, amma shi ne ya raba gari, saboda na farkon an shiga ne da saninsa, na biyun kuma an wayi gari ne aka tarar da shi.

To yanzu mu dawo kan wayar ƙanena.

Na tambaye shi: waɗannan kuɗaɗen uku, wane aiki suke yi wa juna? Akwai tsaro da ɗaya ke ba ɗaya? Akwai wata haja ko hidima da ake sayarwa wadda kuɗi ke shigowa ta dalilinta? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, idan muka saya tare farashi yana tashi, mutane su gani su shigo." Na ce to ka ba ni amsa da bakinka. Asusun da ake rabawa daidai wa daida, abin da ke cikinsa daga cinikin waɗanda suka gani suka shigo ne. Ribar da na farko zai fita da ita, ita ce kuɗin da na ƙarshe ya shigo da shi. Ku ukun kun yi wa junanku adalci, ban musa ba. Na huɗun fa, wanda ba ya cikin zauren ran da aka tsayar da ranar saye?

Alƙur'ani ya ba mu labarin wata haɗaka mai kyan tsari a Suratul Ƙalam. Masu wata gona ne, kansu a haɗe, suka yi shawara, suka yi rantsuwa, suka tsayar da lokaci: za su yi sammako su girbe tun kafin miskinai su farka. Suka tafi suna magana ƙasa-ƙasa don kada a ji. Babu inda aka ce ɗayansu ya yi niyyar cutar ɗan'uwansa a rabo. Laifinsu gaba ɗaya yana kan wanda suka shirya a bayan idonsa. Suka iso suka tarar da gonar ta zama toka. Tun muna ɗalibai wannan ƙissa take ba ni tsoro, saboda mutanen da ke cikinta ba 'yan fashi ba ne, 'yan uwa ne masu shawara da juna.

Abin da zauren nan ke yi yana da suna a fiƙihu, najashu. Shi ne mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don yana son kayan ba, sai don wani ya ji ya ruɗu ya saya da tsada. Annabi (SAW) ya hana shi a hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san yadda ake yi: dillali ya ajiye yaransa biyu, kana taya sa su ma suna tayawa. A mazhabarmu, idan da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan. Wani zai ce ai su da gaske suke saye, kuɗinsu suke sakawa. Haka ne, amma saye ne na nuni, an tsayar da ranarsa don jadawalin farashi ya yi kore a idon baƙo, kuma kowannensu yatsansa na kan maɓallin sayarwa. Canza kara zuwa waya bai canza hukuncin ba.

Kada kuma girman sunayen da suka haɗu ya ruɗe ka. A watan Afrilun 2022 masu Terra suka ƙulla musayar kuɗaɗe da Avalanche wadda ta kai dala miliyan 200, aka yi ta shela cewa manya sun haɗa kai. A lokacin manhajar Anchor tana ba masu ajiyar kuɗin Terra kusan kashi 20 cikin 100 a shekara, ribar da ba wata sana'a ce ke haifar da ita ba, daga asusun tallafi ake cike giɓinta. Wata ɗaya bayan shelar, Terra ya rushe cikin 'yan kwanaki, wajen dala biliyan 40 ta narke. Shugabansu Do Kwon aka kama shi a Montenegro a 2023. Mutanen da suka ga haɗakar suka ce tunda wane ya yarda da su ai lafiya ne, su ne suka kwana a ciki.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa, don an sha faɗa min: "Malam, kowa ya san kirifto kasada ce, wanda ya shigo da idonsa ya shigo." Wannan magana tana da ɗan gaskiya, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ya sayi Dogecoin a Mayun 2021 yana sama da santi 70 saboda Elon Musk yana ta zuga shi, ya zo ya yi asara, babu wanda zai kama, son zuciyarsa ne ya kai shi. Kuma in faɗi gaskiya, wannan na cikin abin da ya sa ko kuɗaɗen da na yaba wa tsarinsu ba na ce wa kowa ya je ya saya. Amma akwai tazara tsakanin kasadar da ni da kai muke cikin duhunta tare, da kasadar da ni na san ranar saye da ranar fita kai ba ka sani ba. Yardar da Shari'a ta sa sharaɗi a ciniki yarda ce ta wanda ya san abin da yake yarda da shi. Wanda aka ɓoye wa rabin labari, sa hannunsa kawai aka samu.

Larabawan jahiliyya ma sun san bambancin ƙawance da ƙawance. Suna da yarjejeniyoyi barkatai na ƙabila ta kare ƙabila ko da ita ce da laifi. Amma wanda Annabi (SAW) ya halarta yana matashi a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, har bayan annabta ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa, shi ne Hilful Fudul. Asalinsa kuma wani baƙon ɗan kasuwa ne daga Zubaid ta Yaman, wanda wani babba a Makka ya karɓi kayansa ya hana shi kuɗi. Baƙon ba ya cikin waɗanda suka ƙulla alƙawarin, ba shi da dangi a garin, don shi aka taru.

Batun kason wanda ya kawo sabon mutum kuwa, dillanci halal ne, la'ada halal ce, babu mai ja. Amma dillalin kasuwa kowa ya san dillali ne. Kai kuma da ka je wa gwaggonka da maganar, a matsayin ɗan ɗan'uwanta ka je, wanda ya yi boko ya san waya. Nasiha ta zaci kana yi mata, alhali ana biyanka a kan kanta. Da ka ce mata, "Gwaggo, idan kika saka dubu hamsin ni za a ba ni kaza, kuma ribarki ba za ta fito ba sai wasu sun shigo bayanki," sannan ta saka, da sai mu yi wata maganar. Ka gwada faɗin haka ka ga mutum nawa za su saka.

A nan ne yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, ai na riga na shigar da mutane." Na ce nawa? Ya buɗe wayar ya ƙirga, goma sha ɗaya. Akwai abokan aikinsa a shagon gyaran waya, akwai ƙanwar mahaifiyarsa wadda ta kwashi adashinta ta ba shi. Ya ce zai fita kawai ya sayar da nasa ya tuba. Na ce a'a ƙanena, idan ka sayar a ɓoye ka bar su a ciki, ka aikata ainihin abin da aka shirya tun farko ke nan, ka dai ƙara da istigfari a kai. Ka fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu yadda tsarin yake da abin da aka ba ka a kan kowannensu, ka mayar wa kowa wannan kason, sannan kowa ya yanke wa kansa shawara da cikakken sani. Wanda ka ce wa babu asara a ciki, ko ka rantse masa, wannan akwai magana ta daban tsakaninka da shi, sai mun zauna da kai da shi.

Ya ce innar tasa ita ce matsalar, ba zai iya haɗa ido da ita ba. Na ce da ita za ka fara, tun kuɗin nata bai gama narkewa ba. Idan nauyi kake ji, gobe bayan la'asar ka zo mu tafi tare.

Ya zo. Mun same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ta shimfiɗa mana tabarma, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba. Da ya yi shiru sai ta juyo ta ce, "Malam, to sauran goman fa, ya gaya musu?"

Wallahu a'alam.